Bugu Biyu

"Tara sau bakwai?"

"Sittin da uku."

"Rabin kashi uku cikin huɗu fa? Yi sauri mana, kin tsaya kina kallona."

Direba ya sa giya ta uku, ya saci kallon 'yarsa ta wutsiyar ido. Tana zaune a gaba tsakaninsa da uwarta, ta rungume jakar fensira a ƙirji kamar wani ya ce zai ƙwace, leɓɓanta duk sun bushe. Ƙiris ake ce mata tun ranar da aka haife ta, don da aka miƙo masa ita a asibiti cewa ya yi, "Ita ke nan? Ƙiris haka?" Sunan ya bi ta har aji shida, yau kuma ga ta za ta zauna jarrabawar gama firamare.

"Maman Ƙiris," ya ce, "don girman Allah ki naɗe takardar nan. Abin da bai shiga kanta a aji ba, a kan wannan titin zai shiga?"

"Kai dai ja motarka. Na sa maka baki a tuƙi?"

Wani dattijo mai tabarau da ke kujerar baya ya miƙo wuya. "Bar ta ta yi mata, Direba. Jarrabawar nan ita ce tushe. Wanda ya zame a nan, ya zame ke nan."

"Kai, Baba, ban yarda ba," in ji wata mata mai ɗauke da buhun zare a cinya. "Babban ɗana faɗuwa ya yi warwas, yau shi ke gyara wa rabin gari wutar lantarki. Yara ne fa, a bar su su sha iska."

Nan take mota ta rabu gida biyu. Haka bas take, ka jefa magana ɗaya, kowa ya zama alƙali. Lasifika, kwandastan da ya yi furfura a bakin ƙofar motar nan, ya sauke mutum biyu a mahaɗa, ya daki jikin mota da tafin hannu, bam bam, Direba ya taka totur. Ƙiris ta ɗan ɗago kai da ta ji bugun, ta dubi ubanta, ya kashe mata ido ɗaya.

Kada wani ya ɗauka Maman Ƙiris muguwa ce. A shagon fotokwafi take aiki, kusa da ofisoshi, kullum mutane na shimfiɗa mata takardun shaidarsu a kan gilashi. Ta ga takardar da ke buɗe ƙofa, ta ga wadda ake riƙewa a yi ta yawo da ita har ta yage a ninki. Ta san cewa wannan jarrabawar ce za ta raba yara, wasu su tafi sakandaren da ke da ɗakin gwaje-gwaje da kujeru, wasu su tafi wadda ake zama a kan taga. To, mai injin fotokwafi a hannu, me zai hana ta? Tambayoyin shekarun baya ta riƙa kwasowa gida dami-dami, har teburin cin abinci ya ɓace a ƙarƙashinsu.

Kuma yarinyar tana da kai, wannan ba gardama. Matsalarta ɗaya ce, ba ta iya barin tambaya. A jarrabawar gwaji da makaranta ta yi musu, ta amsa na farko-farko lafiya lau, sai ta ci karo da wata tambayar lissafi mai taurin kai. Ta rubuta, ta goge, ta rubuta, ta goge, har magogi ya huda takarda. Aka kaɗa ƙararrawa tana nan a kanta, sauran shafuka fari fat, alhali duk ta san su. Ta dawo gida ta yi amai a bakin ƙofa.

Maganin da uwarta ta sani shi ne ƙari. Aka sa ta lesin bayan an tashi makaranta, aka ƙara wani na ƙarshen mako, in ta dawo kuma ga dami na jiran ta. Ƙiris ta daina tsalle-tsallenta da igiya, ta daina ba da labarin 'yan ajinsu, kullum da safe ciki na ciwo. Fensir kuwa sai ka rantse ɓera ne ya ci, don tauna.

Ranar da Direba ya dawo ya tarar ta kifa kai a kan takarda tana kuka ba sauti, ranar ya ce ya isa. Ya je ya cire ta daga lesin da bakinsa. Wai! Gidan nan ya ga faɗa. Shi yana cewa jarrabawar firamare ce fa, ba ranar hisabi ba, ita tana cewa ai shi ya sa yake cewa haka, tunda ba shi ke ganin masu neman aiki kullum ba. Da ta gaji, sai ta tsaya a gabansa ta nuna shi da yatsa.

"To, na ji. Amma ka riƙe wannan. In yarinyar nan ta faɗi, kai ka kayar da ita."

"Na ɗauka," ya ce.

Da baki ya ɗauka, amma Allah ya sani ba shi da wata dabara. Abin da ya iya kawai shi ne ya riƙa ɗaukar ta in an tashi makaranta, ta zauna a gaba ta sha iska, ta ga gari. A nan ne wata rana wani mutum ya sa ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa, yana ja-in-ja da Lasifika, bai shiga ba, bai fasa ba. Mota cike, kowa na tsaki. Lasifika ya janye ƙafar mutumin a hankali, ya daki mota, bam bam, suka wuce.

"Kawu, ba ka ji tausayinsa ba?" in ji Ƙiris da suka isa tasha.

"Tausayin wa? Mutum ɗaya ya riƙe mini mota guda? Za mu dawo ai, hanya ɗaya ce. In mun same shi ya shirya, mu ɗauke shi. In yana nan yana cinikinsa, Allah ya haɗa shi da wata."

Direba na cikin goge gilashi, sai hannunsa ya tsaya cak. Daga ranar suka fara nasu lesin, in suna jiran layi a tasha, takarda ɗaya tak a rana, a kan murfin akwatin gaban mota. Ƙa'idar ba ta da wuya. Tambayoyi fasinjoji ne. Wanda ya shirya, a ɗauka. Wanda ya tsaya ciniki, ta buga sau biyu ta wuce, sai ta kai tasha ta juyo ta duba ko ya shirya. In an gama, takarda ta koma jaka, a sayi rake ko lemo, a yi hira. Da farko sai ta yi ta jinkiri kafin ta buga, kamar an ce ta mari babba. Daga baya har dariya take yi in ta buga. Uwarta kuwa duk lokacin da ta ji ƙwas ƙwas a kan teburin gida sai ta ce, "Ga shi nan, an mai da mini 'ya kwandasta."

Suka iso makarantar da aka mayar cibiyar jarrabawa, bakin ƙofa ya cika maƙil da iyaye. Maman Ƙiris ta gyara mata kwalar riga, ta ƙirga fensira, ta sake gyara kwalar da ba abin da ya same ta. Ta zaro wata takarda za ta cusa mata, maigadi ya ce ba a shiga da komai sai fensir da magogi. Direba bai yi dogon jawabi ba. Ya durƙusa daidai tsayinta ya ce, "Direba ba ya kwana a hanya. Sai mun haɗu a tasha." Ta gyaɗa kai, ta bi layin yara, jakar nan a ƙirji, har ta shige.

Ya ce zai je ya yi sawu ɗaya ya dawo. Ina! Sauke fasinjojin da suka rage kawai ya yi, ya juyo ya faka a ƙarƙashin wata bishiya daura da ƙofar. Ya buɗe bonet ya tsaya yana leƙen inji, ya taɓa wannan waya, ya taɓa waccan.

"Maigida," in ji Lasifika, "injin nan lafiyarsa ƙalau. Kai ne ruwanka ya tafasa."

"Rufe mini baki."

"Na rufe. Amma batir ɗin da kake murɗawa tun ɗazu, murfin ruwan gilashi ne."

Maman Ƙiris na zaune a kan dakalin da ke jikin katanga, jakarta a cinya, ba ta ko dubi inda yake ba. Kusa da ita wani mai babbar mota yana ba jama'a labarin malaman lesin uku da ya ɗaukar wa ɗansa, kowanne da fanninsa. Duk kalmar da ya faɗa sai Direba ya ji kamar shi ake yi wa shari'a. Rana ta ɗaga, inuwar bishiya ta matsa, aka kaɗa ƙararrawar gama takarda ta farko. Yara suka fito tsakar makaranta shan iska, iyaye suka yi cincirindo a jikin ƙarafan ƙofa kowa na neman nasa. Direba ya duba, ya sake dubawa, bai ga Ƙiris ba.

Sai ga maigadi ya fito yana kiran wata lamba, yana cewa ina iyayen mai wannan lambar. Direba bai san lambar ba, amma ya ga matarsa ta miƙe zumbur, jaka ta faɗi ƙasa. Amai ne? Suma ta yi? Ya tsinci kansa yana bin maigadi, hannunsa duk baƙin mai, yana gogewa a jikin wando.

Ofishin ƙarami ne, da fanka mai kuka a sama, da kabad ɗin ƙarfe, da tarin ambulan a kan tebur. Shugabar cibiya na zaune, babbar mace mai tabarau a kan hanci. Gefenta wani matashin malami ne a tsaye, wanda ya sa ido a ajin su Ƙiris. Ita kuma Ƙiris tana jikin bango, ta yi tsuru-tsuru, idanunta sun kawo ruwa amma bai zubo ba.

"Ku ne iyayenta? Ku zauna," in ji shugabar. "Malam, maimaita abin da ka gaya mini."

Malamin ya gyara murya. Ba mugu ba ne shi ma, aikinsa yake yi, kuma an ja musu kunne sosai a kan satar amsa. Ya ce tun da aka fara ya lura yarinyar nan tana ƙwanƙwasa tebur da gindin fensir, sau biyu, sau biyu, ba sau ɗaya ba, ba sau uku ba. Ya ƙyale na farko, ya ƙyale na biyu. A na gaba sai ya ga yaron da ke bayanta ya ɗago kai, sannan ya sunkuya ya cike amsa.

"Kowace tambaya amsoshi huɗu ne a jere," ya ce. "Bugu biyu, amsa ta biyu ke nan. Mun sha ganin irin wannan. Wasu tari suke yi, wasu jan kunne."

"Kun san hukuncin," in ji shugabar. "In ta tabbata, a soke takardarta, ta koma gida, ba ta shiga ta biyu."

Direba ya ji ɗakin ya juya masa. Bai kalli matarsa ba, amma yana jin idonta a gefen wuyansa kamar garwashi. Shi da hannunsa ya koya mata abin da zai sa a kore ta, ba ma faɗuwa ba, kora da sunan ɓarauniya! Ya buɗe baki zai yi bayani. Mutumin da ke iya yi wa ɗan sanda magana har ya yi dariya ya sake shi, yau harshe ya ƙi.

"Ranki ya daɗe, wato, abin na mota ne. Kwandasta ne, in ya buga, wato fasinja, in bai shiga ba..."

"Wane fasinja kuma? Malam, jarrabawa muke magana."

"Eh, ita ce, ai tambayar ce fasinjan."

Malamin ya dubi shugabar, shugabar ta dube shi ta saman tabarau. Shi kansa Direba ya ji maganar tasa ta yi kama da ƙaryar da ba a shirya ba.

"Malama."

Muryar ƙarama ce, amma ba ta rawa. Ƙiris ce ta baro jikin bango, ta matso gaban tebur, yarinyar da in baƙo ya gaishe ta sai ta ɓuya bayan ƙofa.

"Malama, ba amsa nake bayarwa ba. In na buga, tambayar ce ban sani ba. Ina gaya wa kaina in wuce, kar in zauna a kanta har lokaci ya ƙare. In na kai ƙarshe sai in dawo mata." Ta dubi malamin. "Ta yaya zan ba shi amsar da ni ma ban sani ba?"

Fanka ta ci gaba da kukanta. Shugabar ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Wa ya koya miki haka?"

"Babana. Da Kawu Lasifika."

"Kawu wa?"

Kafin a amsa, Maman Ƙiris ta miƙe. Direba ya runtse ido, ya ce a ransa yau kam ta same shi a gaban hukuma.

"Ranki ya daɗe, ni ce shaida," ta ce. "In akwai wanda ya tsani bugun nan a duniya, ni ce. Na yi faɗa da mutumin nan a kansa har maƙwabta sun shigo. A kan teburina take yi, ita kaɗai a ɗaki, ba yaro a bayanta ba kowa. Yarinyar nan a gwajin da aka yi musu, tambaya ɗaya ta riƙe ta har aka tashi. Ki ce mata komai, amma 'yata ba ta sata. Ko aron magogi wani ya roƙe ta a jarrabawa, kuka take yi don tsoro."

Shugabar ta juya ga tarin ambulan. Ta sa aka zaro takardar amsar Ƙiris da ta yaron daga ambulan, ta jera su, ta bi da yatsa daga sama har ƙasa. Ta ɗauki lokaci, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta tura wa malamin ya gani.

"Inda ta cike na biyu, shi na huɗu ya cike. Inda ya cike na biyu, ita na farko. In amsa take ba shi, to, ba ya jin magana." Ta juya ga malamin. "Da ta kai ƙarshe, ka ga ta koma baya?"

Malamin ya gyaɗa kai. "Gaskiya na gani. Ta koma shafin farko tana bi. A lokacin ba ta buga ba ko sau ɗaya." Ya sosa ƙeya. "Yaron ma, da alama ƙarar ce ke sa shi ɗagowa."

"Ka yi daidai da ka kawo," in ji shugabar. "Ni ma da na gani, abin da zan zata ke nan."

Maman Ƙiris ta dafa gefen tebur. "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Kin ce ta kai ƙarshe?"

"Har tambaya ta ƙarshe. Ba gurbi ko ɗaya."

Matar nan ta koma ta zauna a hankali, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Direba ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga kai har ƙafa. Amma murnar ba ta daɗe ba, don shugabar ta mai da tabarau ta nuna Ƙiris da biro.

"Koma aji. Amma ki ji ni da kyau, ba sauran buga tebur. Kina damun na kusa da ke, kuma doka doka ce. Na sake jin ƙwas ɗaya, ba ruwana da fasinja, fita za ki yi."

Aka kaɗa ƙararrawar shiga. Takarda ta biyu lissafi ce, ita ce dai wadda ta kayar da ita a gwaji, ga shi an karɓe mata abin da ta dogara da shi. Direba ya so ya ce mata wani abu, ko kalma ɗaya, amma malamin ya riga ya sa ta a gaba. Ta waiwayo sau ɗaya daga bakin ƙofa, bai iya karanta fuskarta ba.

Wannan jiran ya fi na farko tsawo. Bai buɗe bonet ba, ba shi da ƙarfin yin ƙarya. Ya zauna a matakalar mota ya haɗa kai da gwiwa, yana ganin ta a ransa, ta rubuta, ta goge, ta ɗaga fensir za ta buga, ta tuna, ta sauke. Lasifika da ya ji labari ya yi ta sababi, wai shi za a ce ya koyar da sata, shi da ko canjin fasinja bai taɓa riƙewa ba, har sai da maigadi ya ce ya rage murya ana jarrabawa. Can sai Direba ya ji an zauna kusa da shi. Matarsa ce. Ta miƙo masa ruwa a gora ba tare da ta dube shi ba.

"Sha. Ka yi kama da wanda za a yi wa tiyata."

Ya sha. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, suna kallon ƙofa ɗaya.

Da aka kaɗa ta ƙarshe, ƙofa ta buɗe, yara suka ɓarko kamar an fasa buhun gero. Wasu na kuka, wasu na ihu, ɗan mai babbar mota ya wuce yana hamma. Direba ya hau matakala yana leƙe. Sai ya hango ta, ba tafiya take ba, gudu take, jakar fensiran da ta wuni a ƙirji yanzu tana lilo a hannu, safa ɗaya ta zame har idon sawu.

"Baba! Baba, na kai tasha!"

Ya cafe ta ya ɗaga sama, ya manta ta girma, ya manta da bayansa mai ciwo. Lasifika ya kurma ihun da ya sa tsuntsayen bishiyar nan suka watse.

"Yaya kika yi? Ba su ce kar ki buga ba?"

"Tebur suka ce." Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta nuna masa takalmi. "Da babban yatsa na yi, a ciki. Ba wanda ya ji sai ni."

Dariyar da Direba ya yi har da hawaye, bai kuma ɓoye ba. Uwarta ta jawo ta ta rungume, tana shafa kanta, tana cewa Allah ya yi miki albarka, Allah ya yi miki albarka, kamar ba ta san wata magana ba. Sakamako sai nan gaba, ba wanda ya san me zai fito. Amma ko makaho ya shafa fuskar yarinyar nan ya san wadda ta shiga da safe ba ita ta fito ba.

Suka shiga gaba su uku kamar ɗazu, uwar a bakin taga. Iyaye da yara masu neman mota suka cika baya, Lasifika na ƙasa a bayan mota yana ta kiran saura mutum ɗaya. Direba ya tayar da inji, ya taka kuloci, ya sa giya, yana jiran bugu. Ƙiris kuwa baki ya buɗe, labari take zubawa ba numfashi.

"Waɗanda na bari, da na dawo duk sun shiga. Guda ɗaya ne kawai ya ƙi. Na dawo na same shi yana nan yana cinikinsa, na ce to zauna."

"Guda ɗaya?" Maman Ƙiris ta gyara zama. Hannunta ya riga ya shiga jaka, ya fito da biro da takarda. "Wacce iri ce? Ta kashi ce ko ta awo? Faɗa mini yadda take, mu gani ko mun taɓa yin irinta. Na san akwai wata a cikin na bara da..."

Maganar Ƙiris ta tsaya. Kafaɗunta suka fara hawa sama, jakar fensira ta koma ƙirji. Direba ya gani, ya zuba wa titi ido. Ya yi nasa faɗan, wannan ba nasa ba ne.

Matar ta dubi 'yarta. Ta dubi biron da ke hannunta. Ta ninke takardar gida biyu, ta mayar jaka, ta ja zif. Sannan ta zura hannu ta taga, ta daki ƙofar mota da tafinta.

Bam bam.

Ƙafar direba ba ta tambayar hannun wa ya buga. Mota ta zabura ta hau titi, 'yan baya suka ɗau ihu. A madubi Direba ya hango Lasifika a guje, hula a hannu, furfura a waje, yana kiran maigida da muryar da ta ba shi suna. Ya kai ƙafa zai taka birki, sai Ƙiris ta dafa hannunsa, tana dariya har tana shaƙewa.

"Bar shi, Baba," ta ce. "Za mu dawo ai."